Saƙon Murya da Zumunci da Dattawanmu

Kafin wayar salula ta shigo Najeriya a shekarar 2001, wanda ya tafi neman kuɗi Legas ko Kumasi, idan yana son jin muryar mahaifiyarsa, sai dai a ɗauki maganarta a kaset a ba direba a tasha ya kai masa. Dattawan da suka ga wancan zamani ba baƙi ba ne ga yin magana da na'ura, shi ya sa a cikin duk abin da babbar waya ta zo da shi babu wanda ya karɓe su kamar saƙon murya na WhatsApp, domin ba ya bukatar karatun boko.

Gwaggona tana karanta Alƙur'ani da ajami ba tare da tuntuɓe ba, amma sunayen da ke cikin waya ba ta iya bambance su, don haka muka sanya wa kowane suna hoton mai shi. Abin da ya fi ba ta wahala shi ne riƙe alamar makirufo. Takan saki yatsa tun gaisuwa ba ta kai rabi ba, sai saƙon ya iso guntu-guntu: "Salamu alaikum Babana, ina gajiya, ina..." nan ya yanke. (Babana take ce mini saboda sunan mahaifinta gare ni.) Wata jikarta ce ta zauna kusa da ita ta ce, "Hajiya, ku danna ku ja sama, in kun ga kwaɗo ya kulle sai ku saki." Tun daga ranar take gaisuwarta a natse, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta ba da labarin damina da na wanda ya haihu da wanda ya rasu, sannan ta rufe da addu'a.

A nan ne nake ganin nauyin ya dawo kanmu. Tsohuwar da ta yi minti 3 tana gaishe ka ba ta cancanci a mayar mata da hoton babban yatsa ba, kuma ta riga ta koyi cewa idan alamun nan biyu da ke jikin saƙo suka zama shuɗi, saƙonta ya kai kuma an buɗe shi. Ladabi shi ne a saurara har ƙarshe, a amsa da murya, a bi gaisuwar yadda ta jero ta, a ce amin ga addu'arta. Sanya mata data daga nesa ma ya shiga cikin hidimar iyaye, kamar yadda ake aika goro da sabulu, musamman da yake kiran bidiyo yana cinye data da sauri, kuma shi ne hanyar da take ganin jikokin da ba a kawo mata ba tukuna.

Akwai kuma haɗari. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tilasta wa dattawa da yawa tura kuɗi ta waya, 'yan damfara kuwa sun san cewa mutumin da ya tashi a cikin amana ba ya saurin zargin wanda ya yi masa sallama cikin ladabi. Sukan kira su ce daga banki ne, su nemi lambar BVN (lambar tantance mai asusun banki) ko lambar sirri, ko lambobi 6 da WhatsApp ke turowa, waɗanda da su ake ƙwace asusun mutum a riƙa roƙon danginsa kuɗi da sunansa. Mun yi yarjejeniya da Gwaggo cewa duk wanda ya nemi wata lamba, ko da ya ambaci sunan ɗanta, ta kashe wayar ta kira ɗaya daga cikinmu. Mun kunna mata matakin tsaro na biyu a WhatsApp, muka kuma tabbatar layinta yana haɗe da lambarta ta NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa), wadda aka wajabta haɗawa tun Disambar 2020, don kada a wayi gari an rufe mata layi mu yi ta kira ba ya shiga.