Godiya Bayan Dashen Fatar Ƙanenmu

Alhamdulillahi, an sallami ƙanenmu daga sashen masu ƙuna, fatar da aka dasa masa ta kama. Duk kun san abin da ya faru, ba sai mun sake tado da shi ba.

Muna fara godiya da ma'aikatan ɗakin gwaji, waɗanda ko fuskarsu ba mu gani ba. Wutar ta ci fiye da rabin jikinsa, lafiyayyar fatar da ta rage ba za ta isa a yanko a rufe sauran ba. Sai aka ɗebi 'yar fata daga hamatarsa, da kaɗan ta fi kan sarki girma, aka sa mata sinadari ƙananan ƙwayoyin halittar da ke cikinta suka warwatse, aka rene su a ɗumin digiri 37 ana sauya musu ruwan abinci. Cikin kusan mako uku suka yaɗu suka zama fallaye, kaurinsu ƙwaya biyu zuwa takwas kacal, aka ɗora su kan bandeji mai basilin. Tun 1975 wasu masana kimiyya biyu, Rheinwald da Green, suka gano hanyar renon ƙwayoyin fata a Amurka. Da yake ƙwayoyinsa ne, jiki ba ya ƙin su.

Kafin fallayen su iso, da fatar wani mamaci aka lulluɓe raunin. Ba mu san shi ba. Allah ya ji ƙansa, ya saka wa iyalansa da mafificin alheri.

Tsoro na gaske bayan dashen ya zo. Fallayen nan ba su da ɓangaren fata na ƙasa da zai riƙe su, gogayya kaɗan sai su saɓule, ƙwayoyin cuta kuma narkar da su suke yi kafin a ɗaga bandeji a kwana na bakwai zuwa na goma. A daren da ƙaiƙayi ya taso masa, ma'aikaciyar jinyar dare ta ja kujera ta riƙe hannuwansa biyu har asuba, tana lallashinsa. Baiwar Allah, Allah ya raya miki zuriya, ya tsare ki daga wuta duniya da lahira. Dashen gadon bayansa ne kawai bai kama ba saboda nauyin kwanciya, aka sake shi.

Masu ba da jini da masu addu'a, Allah ya biya ku. 'Yan uwan da ko waya ba su buga ba, mun yi musu uzuri, amma shi yana tambayar su.

Masu zuwa dubiya, don Allah ku wanke hannu, kada a taɓa wurin. Sabuwar fatar ba ta gumi, ba ta jure rana, kuma takan yi bororo na watanni. Mai mura ya dakata tukuna.