Talata, rana tsaka a gindin badala

Ƙarfe tara muka yi alkawarin ɗaukar hoto, amarya ba ta fito daga wurin mai kwalliya ba sai sha biyu da rabi. Wanda ya taɓa riƙe kyamara a Kano cikin Maris ya san sauran: rana a tsakiyar ka, gwaggwaro ya rufe idanu da inuwa, goshi na ƙyalli. Ango kuma ya kafe, shi hoton nan yake so da baya ke narkewa, mutum kaɗai ya fito.

Dole a kunna filasha don cike inuwar, amma kyamarata ba ta tafiya da filasha in gudun shota, wato buɗewa da rufewar kyamara, ya wuce 1/200 na daƙiƙa. A wannan gudun, da ISO 100 (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske), rana irin ta yau f/11 take nema, wato a tsuke ƙofar da haske ke shiga kyamara. A f/11 kuwa babu abin da ke ɓuya, har ledar da ta maƙale a jikin ƙaya da mai adaidaita sahun da ya tsaya kallo. Sai na ɗaura gilashin rage haske, ND16, mai cin mataki huɗu: daga 11 zuwa 8, zuwa 5.6, zuwa 4, na sauka a 2.8, ƙofar hasken ta buɗe sosai. Badala ta koma ja mai laushi a bayansu.

Yaron shagona ya ce, "Oga, tunda an rage rana, in rage fitilar?" Na ce gwada. Ya rage, fuskar amarya ta nutse cikin duhu. Gilashin bai san wannan rana ce wannan filasha ce ba, duk hasken da ya zo wucewa daidai yake yanke shi. Ƙarfin da fitila ke buƙata a f/11, shi take buƙata yanzu. Ni ma na daɗe kafin wannan ya zauna mini. Muka mayar da ita ƙarshen ƙarfinta, bai isa ba, sai muka jawo lemar filashar zuwa rabin nisan da take, haske ya ninka huɗu.

Akwai HSS a fitilar, tsarin da ke barin filasha ta yi aiki ko gudun shota ya wuce 1/200, na sani, sai dai rowar haske gare shi, ga cin batir.

Inda na sha wuya shi ne saiti. Ta cikin gilashin kamar magariba ta yi, kyamara ta yi ta lalube kafin ta kama ido. Gwaggon amarya tana daga ƙarƙashin darbejiya tana cewa, "Malam mai hoto, za ka gasa mana 'ya!" Na ce, "Hajiya, saura biyu." Na ɗauki goma sha ɗaya.

Yanzu ina gaban kwamfuta. Farar shaddar ango ta ɗan ja kore, halin gilashi mai araha. Ina cikin gyarawa aka ɗauke wuta.