Jan baya ko fowil: musun da muka yi da ƙanena

A Fijo 504 ta Baffana na koyi tuƙi, a burjin da ya tashi daga ƙauyenmu zuwa Ringim. Mai jan baya ce: inji a gaba, farfela ta kai ƙarfi tayoyin baya, na gaba kuwa bin sitiyari kawai ne aikinsu. In ka cika taka totur a kwana mai yashi, sai ka ji bayanta ya fara zamewa. Baffa yakan ce, "Kai yaro, sassauta ƙafa, magana take yi maka." Kada a raina ta fa, irinta ce ta ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya a 1975.

Da babbar salla ƙanena ya zo daga Kano da motar ubangidansa, 'yar Jamus mai fowil, wato wadda inji ke juya tayoyinta huɗu duka, muka raba dare muna musu a dandali kan wadda ta fi tsakanin jan baya da fowil. Hujjarsa Audi Quattro, mota mai fowil. Ta fito a 1980, a 1982 ta ɗauke kambun kamfanoni a gasar tseren motoci ta rali ta duniya, kuma tun bayan Lancia 037 a 1983 babu mai jan baya da ta sake cin wannan kambu. Ban ƙaryata shi ba. Ƙarfin inji idan aka raba wa taya huɗu, kowace ta ɗauki daidai ƙarfinta, ba mai kartar ƙasa a banza. Ita kanta BMW M5 ta koma fowil a 2017, sai dai an bar wa direba damar mayar da ita jan baya in ya so wasa.

Na ce to motocin tseren Formula 1 fa, ai duk jan baya ne. Fowil ƙarin ƙarfe ne, ƙarin nauyi, ƙarin shan mai. Amma inda na fi kafewa shi ne birki. Fowil a tashi take taimako. Wajen tsayawa kuwa, taya huɗun nan ne dai irin na kowa, ga shi ba ta yi maka kashedi da wuri kamar Fijon Baffa.

Washegari aka yi ruwa. Ƙanena ya figi motar kamar yana kan kwalta, ya iso kwanar fadama, ya taka birki, ta miƙe da shi cikin gonar shinkafa. Alhamdulillahi ko ƙwarzane bai yi ba. Shanun huɗar maƙwabcinmu ne suka jawo ta, yara na biye suna ihu.