Tantin farauta a tsaunukan Kolorado: yadi, gam da faci

A dajin Flat Tops da ke yammacin jihar Kolorado ta Amurka, mota ba ta shiga, babur ba ya shiga, ko keke an hana, bisa dokar kare dazuzzuka ta 1964. Ko dai ka hau doki, ko ka taka sayyadarka. Ni da abokin farautata, wani dattijon Ba'amurke da muke aiki tare, ba mu da doki. Duk abin da za mu ci da wanda za mu kwanta a kai, a bayanmu yake tafiya, a tudun da ya haura mita 3,000, inda ɗan hawa kaɗan ke sa mutum haki. Abin da ke kai mu can elk ne, wata ƙatuwar barewa mai ƙaho rassa-rassa, wadda namijinta kan kai kilo 300. Idan Allah ya ba ka sa'a ka kayar da shi, doka ta wajabta maka fitar da naman, kuma da jakar da ka shigo da ita za ka yi ta jigilarsa sawu-sawu. Shi ya sa mafarautan nan ke auna tanti a sikeli kamar masu sayar da zinariya.

Nawa tantin na nailan ne da aka shafe ciki da waje da silikon, wani sinadari mai kama da roba da ke hana ruwa shiga, mai sanda ɗaya a tsakiya, babu shimfiɗar ƙasa. Kaurin zarensa diniya 30 ne, wato zaren da tsawonsa ya kai mita 9,000 nauyinsa giram 30 kacal. In ka ɗaga shi a rana sai ka ce ba zai kwana biyu ba, amma silikon na barin zaren ya ɗan zame ya taru wuri guda in an ja shi, don haka yagewarsa da wuya. Aibinsa shi ne nailan na shan ruwa. Ka kafa shi da la'asar ya miƙe tsaf, raɓa ta sauka da daddare, kafin asuba ya saki jiki har yana taɓa maka fuska. Maganin kawai ka fita kafin ka kwanta ka ƙara ɗaure igiyoyin turaku, ko ka ƙara wa sandar tsayi daga ciki, wanda ya fi daɗi idan sanyi ya kankama.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne toshe ɗinki. Tef ɗin da masana'antu ke mannawa a kan ɗinkin tantunan kasuwa ba ya kama silikon, saboda haka irin wannan tanti yakan zo da ramukan allura a buɗe, aikin toshewa ya rage naka. Na kafa shi a bayan gida ranar da babu hadari, na dama gam ɗin silikon da farin man tsarma fenti har ya yi ruwa-ruwa, na bi kowane ɗinki da ƙaramin burushi, musamman can ƙololuwa inda sanda ke tokarewa da wuraren da aka ɗinka madaurin igiya. Sai na bar shi yini da kwana ya bushe. Akwai wanda aka riga aka haɗa, Seam Grip SIL, ga wanda ba ya son dame-dame.

Haka zancen yake a wajen faci. Silikon ba ya yarda da kowa sai ɗan'uwansa. Salatif ɗin gyara na yau da kullum, komai ƙarfinsa, zai manne da yamma ya faɗi da safe. Ranar da busasshen reshe ya faɗo ya tsaga mini gefe kamar tsawon ɗan yatsa, na goge wurin da sifirit, na yanko ƙyalle daga jakar tantin, don yadinsu ɗaya, na zagaye kusurwoyinsa da almakashi don kada su ɗago, na shafa gam na danne da dutse mai faɗi. A cikin sanyi gam ɗin na daɗewa bai kama ba, shi ya sa gara a yi aikin da hantsi kafin a fita, a dawo da magariba a tarar ya bushe. Da tsagar ta kai wurin da igiya ke ja, da sai na fara ɗinke ta da allura tukuna. Facin nan yana nan har yau.

Dattijon nan kuwa tantinsa na Dyneema ne. Wannan ba saƙa ba ce, siraran zaruruwa ne masu ƙarfin gaske da aka shimfiɗa tsakanin leda biyu aka manne. Asalinsa don filafilan jiragen ruwa na tsere aka ƙirƙiro shi, a gasar Kofin Amurka ta 1992 ya yi suna, a da ana ce masa Cuben Fiber. Wanda aka fi yin tanti da shi nauyinsa wajen giram 17 ne a kowace murabba'in mita, ƙasa da rabin nauyin nawa. Ba ya shan ruwa, ba ya saki, girgiza ɗaya ya bushe. Gyaransa kuma wasan yara: a goge, a manna tef ɗinsa, an gama, ko da hannu ya ƙage don sanyi. A nan kam ya fi nawa nesa ba kusa ba.

Duk da haka ban saya ba. Kuɗinsa kan ninka na nailan ko fiye, ba ya jure gogayya da dutse, ninkewa da buɗewa na sa shi ƙananan huji, ga shi shara-shara, farin wata ma hana ka barci yake. Babban dalilina dai wuta ne. Zaren Dyneema na narkewa wajen digiri 150, nailan sai ya haura 200. Daga Oktoba, lokacin farautar bindiga, dusar ƙanƙara na iya sauka kowane dare, ni kuma ina kunna ɗan murhun ƙarfen titaniyam a cikin tanti, bututun hayaƙinsa ya fita ta wata kafa da aka kewaye da yadin da ba ya cin wuta. A nan safa ke bushewa, a nan nake ɗumama ruwan alwala. Itacen fir da danginsa masu ƙaro suna tartsatsi sosai, kuma ko da ragar tare tartsatsi a bakin bututu, wani zai faɗo kan rufin. A nailan ɗigon gam ɗaya ya toshe hujin. Ƙofa dai a bar ta a ɗan buɗe saboda gubar hayaƙi, kuma a tambayi hukumar daji kafin a shiga, don a shekarun fari sukan hana kunna wuta kwata-kwata.

Akwai na uku, foliyesta mai silikon, wanda ba ya saki kamar nailan kuma ya fi jure rana, sai dai bai kai shi ƙarfi ba idan kaurinsu ɗaya. Gyaransu iri ɗaya ne. In zan sake saye, shi zan duba.

Zif ya fi yadi saurin ba da matsala. Ƙura ce ke cinye kan zif ɗin, sai ka ja shi haƙoran su buɗe a baya. Matsa kan kaɗan da filaya, gefe da gefe, yakan kai ka ƙarshen tafiya, a gida sai a sauya sabo.

Tantunan da aka shafa wa roba irin ta foliyuritan a ciki, su salatif na kama su, amma damshi ne ajalinsu. In aka naɗe su a jiƙe, shafin ya fara danƙo yana wari yana ɓarewa, kuma daga nan gyara sai wahala. Nawa ba shi da wannan shafin, amma fumfuna ba ta ƙyale kowa, don haka da na dawo nake rataye shi a gareji sai ya bushe ƙarau, in kakkaɓe ƙasar zif da tsohon burushin haƙori, in sa shi sakwa-sakwa a babban buhun auduga. Gam ɗin da aka riga aka buɗe kuma yana daskarewa a bututunsa, saboda haka kowace kaka sabo nake sakawa a jakar gyara.