Wasiƙa daga Kudancin Faransa: Kafin a Buɗe Kwalbar Man Ƙamshi ta Farko

Assalamu alaikum 'yan'uwa maza da mata na gida,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, dalilin wannan wasiƙa shi ne tambayar da ke yawan iso mini daga gare ku game da ƙananan kwalaben nan na tataccen man tsirrai, waɗanda ake talla a intanet da sunan jinya da ƙamshi, ana cewa suna kawo barci, suna kwantar da hankali, wasu ma har su ce suna warkar da cutar da ta gagari likita. Da yake Allah ya sa ina zaune a yankin da ake noma wasu daga cikin waɗannan tsirrai ake kuma tatsar mansu, na ga ya dace in ba da amsa guda wadda kowa zai karanta. Ra'ayina shi ne abin yana da daɗi yana kuma da amfani, amma ƙarfinsa ya fi girman kwalbarsa nesa ba kusa ba, don haka duk mai son farawa ya fara da hanci, ya riƙe awo, ya kuma nisanta shi daga baki.

Wanda ya ga yadda ake fitar da man nan ba zai ƙara yi masa kallon turare kawai ba. A watan Yuli da Agusta, lokacin girbin labanda, wani tsiro mai shuɗin fure mai ƙamshi, a yankin Provence na kudancin Faransa, ana danna furen da kararsa cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, a rufe ta gam, sannan a turo tururin ruwa daga ƙasa. Tururin yakan ratsa furen ya fasa 'yan ƙananan jakunkunan da man ke ciki, ya ɗauke shi zuwa wani murɗaɗɗen bututu da ke nutse cikin ruwan sanyi, inda komai zai koma ruwa ya riƙa ɗiga cikin mazubi. Na tsaya kusa da irin wannan mazubi ina kallo: ruwa a ƙasa, wani siririn mai mai launin ruwan ɗorawa-ɗorawa yana taruwa a samansa a hankali, ƙamshin wurin kuwa ya yi ƙarfi har yana sa ido hawaye. Sai an tatsi sama da kilo 100 na furen labanda kafin a sami kilo ɗaya na man. Na furen wardi, wanda ake nomawa a kwarin Kazanlak na Bulgeriya da Isparta ta Turkiyya, ya fi haka wuya, domin ana bukatar tan uku zuwa huɗu na furen kafin a sami kilo guda. Dangin lemo su ne ba sa bukatar tururi, matse ɓawonsu ake yi. Wannan lissafi yana koyar da abu biyu: ɗigo ɗaya ya tattara ƙarfin tsiro mai yawan gaske, sannan duk wanda ya miƙo muku babbar kwalbar man wardi a kan araha, to abin da ke ciki haɗin masana'anta ne ko kuma an tsinka shi.

Tatsar ƙamshi da tururi tsohon ilimi ne, kuma malamin nan na Bagadaza, Al-Kindi, ya yi rubutu a kansa tun ƙarni na tara. Amma jinya da ƙamshi a siffarta ta yau daga nan Faransa ta taso, inda wani masanin haɗa sinadarai mai suna René-Maurice Gattefossé, wanda ya ƙone a hannu a ɗakin gwajinsa a 1910 ya kuma yi amfani da man labanda a kan raunin, ya wallafa littafi a kan batun a 1937. Masu talla suna son wannan labari ƙwarai, sai dai labarin mutum ɗaya bai isa ya zama hujjar zuba mai a kan ƙuna ba. Ƙuna ruwa mai sanyi take bukata na kimanin minti ashirin, in ta yi tsanani kuma asibiti.

Game da yadda ƙamshi ke taɓa zuciyar mutum, wannan gaskiya ne, kuma an san hanyarsa. A cikin hancin ɗan Adam akwai nau'o'in masu karɓar wari kusan 400, binciken da ya sa aka ba Richard Axel da Linda Buck kyautar Nobel a 2004, kuma saƙon da suke aikawa yana isa kai tsaye ga sassan ƙwaƙwalwa masu kula da motsin rai da tunawa. Shi ya sa wani ƙamshi kan sassauta wa mutum ƙirji ko ya tuno masa da abin da ya daɗe da mantawa. A kan wannan ne mafi yawan amfanin gida ya tsaya: samun natsuwa kafin barci, ɗan wartsakewa lokacin aiki, jin hanci ya buɗe yayin mura. Akwai kuma wuraren da aka yi gwaji na likitanci aka ga sakamako. A Jamus an amince da wani ƙwayar magani na man labanda mai nauyin miligiram 80 don rage damuwa, ana ba masu wani nau'in ciwon hanji ƙwayar man na'ana'a mai rufi na musamman, sannan wani bincike a Ostareliya a 1990 ya nuna cewa man shafawa mai kashi biyar cikin ɗari na man bishiyar ti (wata bishiyar Ostareliya, ba ta ganyen shayi ba) yana rage ƙurajen fuska, ko da yake a hankali yake aiki. Abin lura shi ne waɗannan duka magunguna ne da aka auna aka haɗa a masana'anta, ba daidai suke da kwalbar da ke kan teburinku ba. Iƙirarin warkar da sankara ko ciwon suga kuwa ba shi da tushe, kuma a 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta aika wa wasu kamfanoni takardar gargaɗi saboda masu tallar mansu suna cewa yana maganin cutar Ebola. Ina roƙonku da babbar murya, kada kowa ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa saboda ƙamshi.

Mai farawa ba ya bukatar akwati mai kwalba ashirin. Biyu ko uku sun wadatar: labanda don yamma, man lemon zaƙi don sanyaya ɗaki da faranta rai, sai na'ana'a idan babu ƙananan yara a gidan. Abin da ya fi yawan kwalabe muhimmanci shi ne karanta takardar da ke jikinsu. Kwalbar kirki takan kasance ta gilashi mai duhu da ɗan marfin ɗigo a bakinta, kuma za a rubuta sunan tsiron na kimiyya, da ƙasar da ya fito, da sashen da aka tatsa, da hanyar tatsar, da lambar rukunin man da aka tatsa lokaci guda. Sunan kimiyyar nan yana da amfani sosai. Labanda ta asali, Lavandula angustifolia, wadda ake nomawa a tuddai irin na Sault, ƙamshinta mai taushi ne, alhali mafi yawan shuɗɗan gonakin Valensole da kuke gani a hotuna wata 'yar'uwarta ce, Lavandula x intermedia, mai yawan mai da kafur a ciki, wadda ta fi dacewa da sabulu da kayan wanki fiye da matashin kai. Kalmomin da ake bugawa da manyan baƙaƙe cewa man ya kai matakin magani, babu wata hukuma da ke ba da wannan shaida, ado ne na kasuwanci. Idan kuna shakka, ku ɗiga ɗigo ɗaya a kan farar takarda ku bar shi ya kwana. Mafi yawan tataccen mai yakan bushe ya tafi, wanda aka tsinka da man girki kuwa zai bar da'irar maiƙo, ko da yake masu kauri irin su sandal sukan daɗe ba su tafi ba.

Hanya mafi sauƙi kuma mafi aminci ita ce shaƙa. Ɗigo ɗaya ko biyu a kan auduga ko hankici, a ajiye kusa da gado, ya isa a gane ko jiki ya karɓi ƙamshin kafin a kashe kuɗi a kan wata na'ura. Wanda ya sayi na'urar fesa ƙamshi mai aiki da ruwa, ɗigo uku zuwa biyar cikin mililita 100 ya wadatar, a kunna ta minti talatin zuwa awa ɗaya sannan a kashe, taga kuma a ɗan buɗe. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne, bayan ɗan lokaci hanci yakan saba ya daina jin ƙamshin, sai mutum ya zaci ya ƙare ya ƙara zubawa, alhali iskar ɗakin ta riga ta cika, daga nan sai ciwon kai da tashin zuciya. Mai asma ya yi taka-tsantsan na musamman, domin ƙamshi mai ƙarfi yana iya tayar masa da ciwon. Haka nan gidan da ke da kyanwa, saboda hantarta ba ta iya sarrafa wasu sinadaran da ke cikin waɗannan mai, sai a bar mata ƙofa a buɗe ta fita in ta so. Tsuntsaye kuwa kada a haɗa su ɗaki ɗaya da na'urar sam.

Batun fata ne nake so in ja hankalinku a kai fiye da komai, domin a nan ne aka fi jin ciwo. Ba a shafa tataccen mai tsagwaronsa a jiki, sai an tsinka shi cikin mai mai laushi irin su man jojoba, man almon ko man kwakwa. Awon da masana suka saba bayarwa ga baligi mai lafiya shi ne kashi biyu cikin ɗari, wato kimanin ɗigo 12 cikin mililita 30. Ga fuska, da tsofaffi, da masu fata mai saurin ɓaci, kashi ɗaya cikin ɗari ne, wato ɗigo ɗaya cikin ƙaramin cokali mai ɗaukar mililita biyar. Idan aka ɗiga wannan ɗigo guda cikin cokalin, ido zai raina shi, hannu kuma zai so ya ƙara, to a nan ne ake bukatar haƙuri. A fara shafa kaɗan a cikin dantse, a jira kwana ɗaya zuwa biyu a ga ko wurin zai yi ja ko ƙaiƙayi. Dalilin wannan tsanani shi ne fata tana iya jure tsagwaron mai na tsawon watanni ba tare da wata alama ba, sai rana ɗaya garkuwar jiki ta ɗauke shi a matsayin abokin gaba, kuma idan hakan ta faru, sau da yawa mutum ya rabu da wannan mai ke nan har abada, har da sabulu da turaren da ke ɗauke da sinadarinsa. Man kirfa da na kanumfari suna cikin masu zafin da ke ƙona fata, mai farawa ya bar su tukuna. Ruwan wanka ma ba ya tsinka mai, domin mai ba ya gauraya da ruwa, yawo zai yi a sama ya manne wa jiki da cikakken ƙarfinsa, don haka sai an fara kwaɓa shi da sabulun ruwa.

Akwai wani haɗari da ya shafi rana. Man bagamot, wani nau'in lemo, da na lemon tsami da aka samu ta hanyar matse ɓawo suna ɗauke da sinadaran da ke sa fata ta ƙone idan hasken rana ya same ta, ƙunar kuma takan bar baƙin tabo mai daɗewa. Wanda ya shafa su ya rufe wurin, ko ya guji rana na aƙalla awa 12.

Sai maganar yara, wadda ba na so a ɗauke ta da wasa. Man na'ana'a da na yukalibtus, wadda wasu ke kira bishiyar turare, ba a kai su kusa da fuskar jariri ko ƙaramin yaro, saboda suna iya takura masa numfashi. Haɗiye 'yan mililita kaɗan na yukalibtus ko kafur yana iya jefa yaro cikin jijjiga da suma, man tsiron wintagirin kuwa ƙaramin cokali ɗaya nasa ya kai ƙarfin ƙwayar asfirin ta manya kusan ashirin. Kwalaben ƙanana ne, ƙamshin wasunsu kamar na alewa, don haka wurinsu sama ne, a kulle. Idan tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin man na iya faɗawa huhu, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar don likita ya ga abin da ya sha. Idan ya shiga ido, a wanke da ruwa mai gudana na tsawon minti goma sha biyar. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai farfaɗiya, da mai shan maganin tsinka jini, su fara tuntuɓar likita kafin su yi amfani da kowane iri. Shawarar da ake yaɗawa ta ɗiga man a ruwan sha kowace safiya kuwa, ban yarda da ita ba ko kaɗan, domin yana iya ƙona maƙogwaro da ciki, kuma hanta ce ke ɗaukar nauyin.

Man ƙamshi yana tsufa. Iska da zafi da haske suna sauya sinadaransa, kuma tsohon mai ya fi sabo saurin ɓata fata, musamman dangin lemo da man bishiyar ti, waɗanda bai kamata su wuce shekara ɗaya zuwa biyu bayan buɗewa ba. A sayi ƙaramar kwalba, a rubuta ranar da aka buɗe ta a jikinta, a rufe marfin da kyau bayan kowane amfani, a ajiye ta wuri mai sanyi da duhu nesa da wuta, domin man yana kamawa. Wanda ƙamshinsa ya juya ko ya yi kauri, a daina kai shi jiki.

Ina yi muku fatan alheri, a gaida kowa da kowa. Wassalam.