Shafi ɗaya aka ba ni

Tun da sassafe Mama, kakata, ta aiko a kira ni, wai tunda ni ce 'yar boko, ni zan rubuta tarihin mijinta, Baba Sajan, da za a sa a takardar jana'iza. Mai buga takardu ya ce shafi ɗaya, kada ya wuce.

Na samu 'yan Zumuntar Mata sun cika tsakar gida, ana waƙa ana tsince shinkafa. Har dariya muka yi da Goggo ta tuna ranar da Baba ya miƙa wa sabon fasto hannun hagu, irin gaisuwarsu ta 'yan sikawut, bawan Allah ya tsaya sororo yana zaton raini ne.

Na shige ɗaki na rubuta abin da na sani. Ya shiga soja a 1967, shekarar da aka fara yaƙin basasa, aka ba su horo na gaggawa a Depot, barikin horar da sababbin sojoji na nan Zariya, aka tura su fagen Nsukka ƙarƙashin runduna ta ɗaya, ta Mohammed Shuwa. Yana cikin waɗanda suka shiga Inugu a watan Oktoba na shekarar. Na sa raunin ƙafarsa, na sa lambobinsa. Da na gama na karanta wa Mama.

Ta bari na kai aya, sannan ta ce, "Ke, duk wannan yaƙi ne?"

Na ce, "Mama, ai shi mutane za su so ji."

"Wata talatin aka yi ana yaƙin nan, 'yata. Wata talatin. Mutumin nan tun ba a yi auren uwarki ba yake riƙe da makullin majami'a. Shi ke sharewa, shi ke kaɗa ƙararrawa, shi ke ƙirga baiko. Yaran da ya koya wa ɗaurin igiya da kafa tanti, wasu yau da jikokinsu. Ina su a takardarki?"

Ta ce a zamansu duka bai taɓa zaunar da ita ya ba ta labarin fagen fama ba. Ranar 15 ga Janairu kaɗai, ranar tunawa da sojoji, yakan goge takalmi, ya sa hularsa, ya tafi fareti da tsofaffin sojoji 'yan uwansa. In ya dawo ba ya cin tuwon dare, kuma ba mai tambayarsa dalili.

Na ce to, na rage yaƙin zuwa layi uku.

Amma har yanzu abin na cina. Mama ta fi kowa saninsa, wannan ba musu. Sai dai ni a ganina sharar majami'ar da tara yaran nan duk daga wata talatin ɗin suka fito. Mutumin da ya ga abin da ya hana shi cin tuwo, in ya dawo ya ƙare rayuwarsa yana koya wa 'ya'yan mutane ɗaure rauni, ba banza ba. Yaya zan rubuta haka a takardar da za a raba a bakin kabari? Kuma wace ce ni da zan faɗi abin da shi ya zaɓi ya yi shiru a kai?

Da yamma wuta ta ɗauke. Yaya bai kamo hanya daga Kaduna ba, wai sai gobe. 'Yan sikawut sun zo gwajin fareti, biyu suna gardamar wanda zai riƙe tuta.

Ƙarfe goma na safe mai bugawa ke jiran takardar, hoton ma ba mu tsayar ba. Mama na son na ranar Ista, kawunnai sun nace sai mai kaki.