Kwaɓin safe da kwaɓin azahar

A wani ginin bene da na sa wa ido a nan Damagaram, wajen Sabon Gari, takardar aiki ta ce kankaren ya kai ƙarfin megafaskal 25 (ma'aunin nauyin da zai iya jurewa) a kwana 28 bayan zubawa, da buhu 7 na siminti a kowace mita kubik. Kullum da sanyin safiya nakan cika kwanonin gwaji uku, masu faɗin santimita 16 da tsawon 32, a kai labo, wato ɗakin gwaji, a murƙushe kankaren don a ga ƙarfinsa. Sakamako na fitowa tas, hankalina kwance.

Ranar da aka cire katakon ginshiƙan baya, na goga babban yatsa a gefen ɗaya, sai yashi ya zubo. Gabana ya faɗi. Ginshiƙan nan duk bayan azahar aka zuba su, a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40. Kwaɓi na saurin ƙamewa, leburori sun gaji, sai su ƙara ruwa don shebur ya yi sauƙi. Ruwan da ya wuce kima shi ke cinye ƙarfin kankare. Ni kuwa kwaɓin safe kaɗai nake aunawa, wanda kowa ya san zan auna.

Na ce wa babban magini: "Baba, daga gobe ƙuri'a za mu yi." Muka rubuta lambar kowane kwaɓi a 'yar takarda, muka zuba a hularsa, wadda aka zaro ita za a ɗiba, ba tare da masu kwaɓi sun sani ba. Ya ce: "Ɗana, ba ka yarda da mu ba ke nan?" Na ce kaina ne ban yarda da shi ba.

Na kuma daina ruɗuwa da matsakaicin sakamako. Ƙa'idar ita ce kada fiye da kashi 5 cikin 100 su gaza ƙarfin da aka nema, don haka tazarar da ke tsakanin sakamakon nake dubawa a jadawalin da na manna a bango. In ta buɗe, akwai abin da ya canza: yashi, ruwa ko hannu. Gwajin kwana 7 yakan ba da kusan kashi biyu bisa uku na ƙarfin ƙarshe, shi ke yi mini gargaɗi da wuri. Kwaɓin ginshiƙai nake yawan ɗiba, na daɓen tsakar gida kaɗan.

Ginshiƙan bayan nan sai da muka rushe su muka sake. Baba da kansa ya fara ɗaga guduma.